Randar da Baba Ya Yi wa Fenti

Makon jiya maƙwabcinmu ya sa aka yi wa ƙofar gidansa fenti, irin fentin mai ɗin nan mai sheƙi. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa warin ya tsallako katanga ya same ni, kafin in ankara maƙogwarona ya bushe, na ajiye faranti na tashi neman ruwa. Haka nake tun ina yarinya. Wasu in sun shaƙi fenti kansu ne ke ciwo, ni kuwa ƙishirwa ce ke kama ni. In ka ba ni aron hankalinka zan gaya maka inda abin ya samo asali.

A Jos aka haife ni, a gidan da kakanmu ya gina tun zamanin haƙar kuza. Shi ban riske shi ba, matarsa na riska, wato Kaka mahaifiyar Baba, kuma ita ce mai gidan duk da cewa Baba ne ke fita nema. Baba kafinta ne a Katako, kasuwar 'yan katako ta garin, irin mutanen nan da ba sa iya ganin abu a karkace su wuce. Ko gaisuwa ya je gidan mutane, in kujera ta yi ƙara sai ya leƙa ƙarƙashinta. Da yake shi ne ɗanta na fari, Kaka ba ta kama sunansa, mai zarto take ce masa, shi kuma ya ce mata Hajiya.

A kusurwar rumfarmu akwai randa, ta Kaka ce. Babba ce, ja mai duhu, tana zaune cikin jiƙaƙƙen yashi da aka kewaye da duwatsu, bakinta rufe da faifai, moɗa a kife a sama. Duk gidan daga cikinta muke sha, amma Kaka kaɗai ke wanke ta, ita ke jefa mata saiwar jema don ƙamshi. Na san za ka ce me mutumin Jos zai yi da ruwan sanyi, garin da ake kwana cikin bargo. To, ka zo mana da bazara, lokacin da kwanon rufi ke ɗaukar zafi da tsakar rana kafin ruwan sama ya sauka, sai mu yi maganar. Ruwan randar nan sanyinsa ba ya dukan haƙori, yana da ɗan ƙamshin ƙasa, moɗa guda ta ishe ka ka manta da ranar da ta dake ka a hanya.

Abin da ya ɗaure mini kai game da ita shi ne zufa. Kullum jikinta a jiƙe yake, ɗigo-ɗigo kamar goshin mai daka, alhali ba ta aikin komai sai zama. Na tambayi Umma, ta ce in matsa in ba ta wuri tana aiki. Na tambayi Baba, ya ce yoyo take yi, tsufa ne. Da na tambayi Kaka sai ta ce, "Uwar tambaya, ni sha na sani. Ranar da kika ga wadda ta gina ta, sai ki tsare ta."

Wadda ta gina ta kuwa na san ta. Wata tsohuwa ce Kirista daga wani ƙauye a bayan Kuru, Mama mai tukwane muke ce mata. Takan baje kayanta a gefen babbar kasuwar Taminus, tun kafin kasuwar ta ƙone. Sun san juna da Kaka tun suna da ƙuruciyarsu, lokacin da take yawo da tukwane a unguwannin 'yan kuza. Duk abin ƙasa da ke gidanmu, tukunyar tuwo, ta miya, har kaskon turare, daga hannunta ya fito. In Kaka ta tafi da ni kasuwa sai su zauna kan buhu su yi ta hira suna tafawa, ni kuma in yi ta cusa kaina cikin tukwane ina ihu a hankali don in ji yadda muryata ke komawa ta ƙato. Na sha yin niyyar tambayarta zancen zufar, kunya ta hana ni. Ana nan sai muka daina ganinta a kasuwa.

Ina 'yar firamare Kaka ta yi wani ciwon gefen ciki mai tsanani, har aka kwana da ita asibiti. Likita ya ce tsakuwa ce a ƙoda. Ya ba ta ƙwayoyi, ya kuma ce babban maganinta ruwa ne, ta sha ta ƙara sha, in ba haka ba ciwon zai dawo, kuma a shekarunta tiyata ba abin wasa ba ce. Kaka ta ce wannan likita ɗan albarka ne, ya rubuta mata abin da take da shi a gida. Ta dawo ta tare kusa da randarta, tana sha tana samun sauƙi.

Da bazarar shekarar ta ji ƙarfin jikinta, ta tafi Bauchi sunan jikar ƙanwarta. Tafiyar nan ce ta ba Baba fili. Bai daɗe da yi wa rumfar daɓen siminti ba, kuma danshin da ke malalowa daga gindin randar yana ci masa rai. Kada ka yi saurin ganin laifinsa. A sana'arsa ruwa abokin gaba ne. Ƙofar da ba a yi wa fenti ba, damina ɗaya ta kumbura, ta biyu ta fara ruɓewa. Duk abin da Baba yake so ya daɗe fenti yake masa, tun daga akwatin Umma har kejin kaji. Ga mahaifiyarsa da likita ya ɗora wa shan ruwa, ga randarta tana yoyo, ga ragowar koren fenti da ya yi wa bencinan wata makaranta. Sai ya juye ruwan, ya shanya ta a rana ta bushe ƙayau, ya zauna da buroshi ya shafe ta, ta bushe ya ƙara shafawa, sannan ya ja mata farin layi a wuya.

Gaskiya ta yi kyau. Ni kaina na yi ta zagaya ta ina kallon fuskata a jikinta. Matan maƙwabta suka shigo gani, har wata ta ce a yi wa tata. Allah ya taimake ta fentin ya ƙare.

Kaka ta dawo da la'asar, a gajiye, da ƙishirwar mota. Ko mayafi ba ta cire ba ta nufi kusurwarta, sai ta ja ta tsaya.

"Mai zarto, wa ya yi wa randata ado?"

"Ni ne, Hajiya," in ji Baba, yana murmushi. "Yanzu ta daina yoyo."

Ta ɗaga faifai, ta ɗebo, ta kurɓa, ta riƙe ruwan a baki kamar mai tunani. Sai ta taka zuwa bakin rariya ta zubar.

"Ta daina kam," ta ce. "Ka shaƙe ta." Ta shige ɗaki.

Ni ma na ɗebo na ɗanɗana. Ruwan ɗumi-ɗumi ne kamar wanda ya wuni a bokiti, ga warin fenti yana bin hanci. Na shafa jikin randar, a bushe yake santsi, babu ɗigon zufa ko ɗaya.

Washegari Baba bai je Katako ba. Ya sa samfefa ya goge koren tas, amma man ya riga ya shige jikin ƙasar. Wani abokinsa ya ba shi shawarar ya wanke da kananzir, ya kuwa wanke, garin neman gira aka rasa ido. Daga ranar randar ta koma bayan ɗaki. Ya sayo sabuwa a Taminus, Kaka ta ƙwanƙwasa ta da yatsa, ta kurɓi ruwanta, ta ce toka take ji, kuma mai ginin sauri take yi za ta wani wuri. Ya kawo ruwan ƙanƙara a cikin kula, ta ce haƙoranta ba na sayarwa ba ne. Koko takan sha, da shayi, da ɗan kurɓin da za ta haɗiye ƙwaya, shi ke nan.

Ba zan ɓoye maka ba, Kakata akwai taurin kai, kuma rabin abin fushi ne. Amma ɗaya rabin ba fushi ba ne. Na sha ganinta ita kaɗai ta ɗauki kofi ta kai baki da niyyar sha, ta yi kurɓi biyu, sai ta ajiye tana yamutsa fuska. Bakin da ya shekara da shekaru yana shan ruwa iri ɗaya ya ƙi karɓar wani. Leɓɓanta suka fara tsagewa. Ta fara dafe gefen ciki in za ta tashi, sannan ta koma sallah a zaune. Aka mayar da ita asibiti, likita ya maimaita maganarsa, wannan karon babu dariya a ciki. Na ji tsoro ƙwarai, irin tsoron yaron da ya fara gane cewa manya ma ba su san abin yi ba.

Baba ya rame ya yi zuru-zuru. Wata safiya ya ce zai je neman Mama mai tukwane, kuma da ni za a je, domin ni na san fuskarta, shi bai taɓa saninta ba. A lokacin damina ta riga ta sauka. Masu tukwanen Taminus suka ce gwiwoyinta ne suka hana ta hawa mota, suka yi mana kwatancen ƙauyen. Muka shiga mota zuwa Kuru, daga nan muka taka da ƙafa. Ban taɓa fita bayan gari ba sai ranar. Ga manyan duwatsu wani kan wani, ka rantse yanzu na sama zai gangaro. Ga gonakin acca da dankali kore shar, ga kududdufan da 'yan kuza suka haƙa suka bari cike da ruwa, ga lunguna tsakanin shingen ƙyarana mai ƙaya wanda ya fi Baba tsawo. Na yi ta tambaya har Baba ya ce in bar sauran don komawa.

Mun same ta a ƙarƙashin indararo tana ɓare wake. Tana ɗago kai ta ce, "Jikan Hajiya!" Hausarta irin ta mutanen ƙauyukan nan ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta. Baba ya durƙusa ya gaishe ta, ya ba ta labari tun daga farko. Da ya kai wurin koren fenti da farin layi, tsohuwar nan ta fashe da dariya har waken ya zube, ta kira matar ɗanta daga madafa ta ce a maimaita mata ta ji. Baba ya sunkuyar da kai ya maimaita. Amma da ya kai ga ciwon Kaka sai dariyar ta ɗauke.

"Yaro na, damina ne," ta ce. "Ba a gini da damina. Yumɓu ba ya bushewa, ciyawan wuta duk ya jiƙe. Sai an yanke acca."

"Mama," in ji Baba, "ba na jin za ta kai."

Sai na ga idon Baba ya fara yawo a gidan, irin kallon da yake yi wa kujera mai ƙara. Ya tambaye ta me da me gini ke bukata wanda damina ta hana. Ta ce busasshen wuri mai iska, da busasshen abin wuta mai yawa. Baba ya ce zai kafa mata maratayi na katako a saman murhu, inda ɗumi da hayaƙi za su riƙa bugun randa. Abin wuta kuwa, a Katako guntayen katako da ɓawon da ake karkarewa tsibi-tsibi suke a ƙarƙashin rumfuna, ruwa bai taɓa su ba. Mama ta ce ita tun da take ba ta taɓa gasa tukunya da katakon birni ba, wutarsa ta fi ta ciyawa fushi. Ta daɗe tana kallon hannuwanta, sannan ta ce ya kawo, sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ranar Asabar muka koma da katakai da ƙusoshi. Baba yana madafa yana bugu, ni kuwa na samu abin da na daɗe ina nema. Yumɓun tun rani Mama ta haƙo shi daga bakin wani kududdufin kuza, ta rufe da buhuna. Matar ɗanta, wata doguwar mata marar yawan magana, ta zuba fasassun tsofaffin tukwane a turmi ta dake su suka zama gari, ta tankaɗe, aka zuba cikin yumɓun da ɗan yashi. Ta taka shi da ƙafa har ya yi laushi. Sannan kowacce ta ɗebi nata ta zauna tana murzawa tsakanin yatsu, tana fitar da tsakuwa da saiwa, yadda ake tsince shinkafa.

Ginin kansa ban taɓa ganin irinsa ba. Na zaci tukunya ake juyawa, ashe mai ginin ce ke juyawa. Mama ta dasa gindin randar a kan wani tsohon kasko, ta murza yumɓu ya yi tsawo kamar igiya, ta ɗora a baki, sai ta sunkuya ta fara zagaya randar da baya da baya, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, tana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa. Gwiwoyinta na ƙara, takan tsaya ta dafa ƙugu, ta ci gaba. Randar na tasowa a tsakiya kamar ita ke girma da kanta. In ta ɗan yi tsawo sai ta shafe wajen da totuwar masara, ta kankare cikin da sakaina. Kunyata ta gudu, na matsa kusa na ce, "Mama, me ya sa randa take zufa?"

Ba ta daina zagayawa ba. Ta ce garin tukwanen nan da yashin da na ga an zuba, su ne ke bar wa jikin randa ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani. Ruwa kaɗan yana fitowa ta nan, iska ta kwashe shi, shi kuma ya tafi da zafin na ciki. "Randa da ba ya zubar da kaɗan, ba ya sanyi," in ji ta. Sai ta nuna mini wasu baƙaƙen tukwanen miya masu sheƙi a gefe, ta ce waɗannan in sun fito daga wuta da zafinsu takan yayyafa musu ruwan makuba, wanda ake jiƙawa daga ɓawon ɗorawa, ya toshe ƙofofin don kada miya ta tsiyaye.

Baba ya leƙo daga madafa da ƙusa a baki, fuskarsa ta washe. "Ashe ke ma kina fenti, Mama!"

"Na miya nake yi wa," ta ce. "Ka taɓa ganin na yi wa na ruwa?"

Randa biyu ta gina a kwanakin nan, ta kuma sa matar ɗanta ta gina ta uku don ko-ta-kwana. Baiwar Allahn nan ta sha faɗa. Mama na zaune kan turmi tana hutar da gwiwa, amma bakinta bai huta ba. Ciki ya yi kauri, kafaɗa ta karkace, wa ya koya miki wannan? Da aka zo wuya sai da ta sa ta rushe shi ta sake, ta kuma rushewa. Matar kuwa in ta juya baya sai ta ɗan harare ni da wasa, kamar ni na jawo mata.

Sai jira. Randunan suna saman murhu suna shan hayaƙi, ruwan sama yana zuba kusan kullum, Kaka tana kwance. Abin da ya riƙe ta a makonnin nan labari ne. Kullum sai ta kira ni in sake gaya mata yadda ƙawarta ke zagaya yumɓu, da waƙar da take yi, da dariyar da ta yi wa mai zarto. Umma ta samo dabara, takan miƙo mini kofin ruwa da jema a ciki, in ce ba zan ci gaba ba sai ta kurɓa. Takan zage ni ta kurɓa. Bai kai abin da likita ke so ba, amma ya fi babu.

Ranar gashi mun yi sammako da buhunan guntayen katako a bayan a-kori-kura. An yi ruwa da asuba, rana ta fito, amma gabas akwai duhu. Aka fara kife randunan a kan garwashi su yi ɗumi, sannan aka jera su a fili bayan gidan, aka lulluɓe su da katako da ɓawo da 'yar busasshiyar ciyawar da Mama ta zaro daga rufin rumbu. Aka cinna wuta. Ta kama da ƙarfi har muka ja da baya. Kowa ido ɗaya a wuta, ɗaya a hadari. Can sai muka ji tas daga cikin wutar. Mama ta runtse ido. Ba a jima ba muka ƙara jin wata.

Da wutar ta mutu aka tone tokar da doguwar sanda. Biyu sun fashe, kuma duka biyun na Mama ne. Ta matar ɗanta ce ta fito lafiya, gefe ɗaya baƙi ƙirin inda harshen wuta ya lashe ta. Baba ya fara ba da haƙuri, yana cewa katakonsa ne. Mama ba ta kula shi ba. Ta jira fasassun suka huce, ta zauna tana juya su ɗaya bayan ɗaya, tana bin bakin fashewar da babban yatsa. Sai ta ɓanɓaro wata 'yar farar tsakuwa da ba ta kai ƙwayar masara ba, ta kai ta dab da ido.

"Ba wutan ka ba ne, yaro na," ta ce. "Dutse ne. Ban gan shi ba, hannu na ma bai ji shi ba."

Yarinya ce ni, amma na gane ba randa kaɗai ta rasa a wurin nan ba. Tausayinta ya kama ni har na kasa kallon fuskarta. Baba ya ce a hankali, ai in an kai wadda ta tsira aka ce ta Mama ce, Hajiya za ta sha. Mama ta girgiza kai. Ta ce kada ya yi wa Hajiya ƙarya, ko ya yi ma za ta gane. Muna ɗaure randar cikin buhuna hadarin ya sauko.

A gida Umma ta wanke ta, ta cika ta, ta zubar da ruwan farko, ta sake cikawa ta jefa jema. Da safe na riga kowa zuwa kusurwar. Jikinta ya yi ɗigo-ɗigo, na shafa na ji sanyi a tafin hannuna. Aka kamo Kaka aka zaunar da ita kan tabarma kusa da ita. Baba ya miƙa mata moɗa, ba ta karɓa ba. Ta naɗe hannun riga, ta zura hannu ta bakin randar, tana shafa cikin kafaɗar daga sama da ruwan, idonta a rufe. Ta daɗe tana shafawa.

"Wannan ba hannunta ba ne," ta ce.

Sai Baba ya durƙusa ya gaya mata gaskiya duka, biyun da suka fashe, da matar ɗan, da farar tsakuwar. Hawaye suka gangaro wa Kaka. Ban taɓa ganin kukanta ba sai ranar.

"Ita ce yau tsakuwa ta wuce hannunta?" ta ce, ba da kowa take ba. Can ta juyo gare ni. "Ke, tana wurin aka gina wannan?"

Na ce tana wurin, kuma faɗa ta yi ta yi tun daga gindi har baki, wuyan ma sai da ta sa aka rushe aka sake.

Kaka ta yi dariya da hawayen a fuskarta. "In dai ta sha faɗanta, ta ginu. Ɗebo mini."

Na ɗebo. Ta kurɓa ta riƙe a baki, mu kuma muka riƙe numfashi. Ta haɗiye. Ta kafa kai ta shanye moɗar, ta miƙo mini na ƙara. Baba ya tashi ya fita zaure, na hango shi yana goge fuska da hula.

Kaka ta warware, ta ƙara shekaru masu dama tare da mu. Mama kuwa ba ta ƙara taɓa yumɓu ba. Ba su sake ganin juna ba, ɗaya gwiwa, ɗaya tsufa, sai dai aike. Kaka ta aika da zane da gishiri, ita kuma in an yanke acca ta aiko da mudu biyu a ƙulle, har aka wayi gari aiken ya daina zuwa.

Yau in ka zaga Jos ba za ka ce aikin hannu ya mutu ba. Akwai samari da 'yan mata da suka koyi ginin tukwane a makaranta, suna juya yumɓu a kan na'ura, suna fitar da kofuna masu ƙyalli da tukwanen fure. Akwai masu sassaƙa mutum-mutumi da masu saƙa kwanduna, suna tallar kayansu ta waya. Aikinsu yana burge ni, nakan tsaya in saya, in kuma dame su da tambaya har su gaji. Randa ce dai ta yi wuyar gani, tunda ruwan leda da firji sun ishi kowa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mai saye bai san wa ya gina abin da ya saya ba, bai ma ga dalilin sani ba. Hanyar ƙauyukan nan kuma, da yawa daga cikinmu sai mun yi tunani kafin mu bi ta, su ma haka in za su shigo unguwanninmu, kuma wannan yana mini ciwo.

Duk da haka, in na ci karo da randa a bakin hanya ba na iya wucewa. Nakan naɗe hannun riga in zura hannu, in rufe ido in shafa cikin kafaɗarta, ko zan ji abin da Kaka ta ji har ta bambanta yatsun ƙawarta da na wata. Har yau ƙasa kawai nake ji. Masu kayan sukan tambaye ni, "Hajiya, tsaga kike nema?" Sai in zare hannuna in ce a'a, ina dubawa ne kawai.